Kun Aike Mu Karatu, Ga Abin Da Muka Dawo Da Shi

(Jawabin da aka gabatar a madadin 'ya'yanmu da suka yi nazarin jinsi a manyan makarantu, a gaban shugabannin ikkilisiyoyi, Zumuntar Mata da Zumuntar Matasa.)

 Mun gode wa shugabanni da suka ba mu wannan dama. Mun sani ba a saba ganin yara sun tsaya gaban iyayensu suna magana a kan sha'anin mace da namiji ba, balle a cikin majami'a. Saboda haka tun da farko muna roƙon gafara. In wata kalma ta yi nauyi a kunnenku, ku ɗauke ta a matsayin ta ɗa wanda yake so ya faɗi gaskiya amma bai iya jera magana kamar manya ba.

Ku ne kuka aike mu makaranta. Waɗansunmu an sayar da hatsi da awaki domin kuɗin rajistarsu, waɗansu kuma baiko na musamman aka yi musu ranar Lahadi. Da muka dawo kuka tambaye mu abin da muka karanta, muka ce nazarin jinsi, sai muka ga fuskoki sun canja. Wani dattijo ya ce mana, "To, yanzu an koya muku yadda za ku raba mata da mazajensu ke nan?" Ba mu yi fushi da shi ba, gama tambayarsa tana cikin zukatan mutane da yawa. Yau muna so mu ba da lissafi, kamar yadda wanda aka aika kasuwa yakan dawo ya zube kaya ya kawo canji.

WANE IRIN KARATU NE WANNAN?

Allah ne ya halicci mace da namiji, shi ne kuma ya ba kowanne jikinsa. Wannan ba mu da gardama a kai. Amma wa zai ɗebo ruwa, wa zai gaji gona, wa za a fara cirewa daga makaranta in kuɗi ya gaza, wa zai yi magana a taron iyali, waɗannan mutane ne suka tsara su, suna kuma bambanta daga gari zuwa gari. A ƙauye ɗiban ruwa aikin mata da yara ne, amma a birni 'yan ga-ruwa maza ne, domin akwai kuɗi a ciki. Namijin da zai ji kunyar hura wuta a gidansa, shi ne mai shayi ko mai tsire a bakin tasha. A wata ƙabila mace tana riƙe fartanya daga shuka har girbi, a wata kuwa abin kunya ne a gan ta a gona. Nazarin jinsi shi ne a zauna a duba waɗannan tsare-tsare, a ga wanda suke taimako da wanda suke dannewa. A gefensa kuma ana koyar da abin da ya shafi jiki da balaga, da jima'i, da haihuwa, da cututtukan da ake ɗauka ta wannan hanya, da dokokin ƙasa a kansu.

Mutane da yawa suna tsammani karatun ya shigo ne bayan taron mata na duniya da aka yi a Beijin a 1995, har a waɗansu wurare in mace ta cika tambaya sai a ce da ita 'yar Beijin. Amma tun 1982 aka yi taro a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a kan halin da mata suke ciki a ƙasar nan, daga nan ne kuma ƙungiyar WIN ta samo asali. A 1987 aka buɗe cibiyar bincike kan al'amuran mata a Jami'ar Ibadan ƙarƙashin Farfesa Bolanle Awe. A ɓangaren masu bi kuwa, a 1989 Mercy Amba Oduyoye ta tara mata masu ilimin tauhidi daga ƙasashen Afirka a birnin Accra na Ghana, suka kafa zumuntarsu domin su yi rubutu a kan rayuwar mace cikin ikkilisiya. Yau Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da cibiyar nazarin jinsi. Ashe tambayoyin a gida aka haife su, 'ya'yan gida ne kuma suka fara yin su.

INA MUKE AIKI, ME KUMA MUKE YI?

Da wuya ka ga an yi tallan aiki an ce ana neman mai digirin jinsi kawai. Yawancinmu mun haɗa shi da wani abu. A cikinmu akwai malaman makaranta, ma'aikatan jinya da ungozoma, ma'aikatan jin daɗin jama'a, lauyoyi, masu aiki a sansanonin 'yan gudun hijira, da waɗanda suka shiga aikin fasto. Ba kuwa mata kaɗai ba ne, akwai maza a cikinmu. Da muka zauna muka gwada labaranmu, sai muka ga halaye uku ne karatun ya dasa mana, duk inda muke aiki.

Na farko, mun koyi ƙirga mutane dabam dabam. In shugaban makaranta ya ce yana da ɗalibai da yawa, malamin da ya yi wannan karatu zai buɗe rajista ya ga 'yan mata nawa ne suka shiga aji ɗaya, nawa ne kuma suka kai aji shida. In sun ragu, zai bi sawu ya ga dalili. Wani lokaci aure ne ko ciki. Wani lokaci kuwa abin bai wuce rashin makewayi mai ƙofa ba, yarinya ta fara ganin al'ada, tana fashin kwana huɗu ko biyar kowane wata, har ta ga an bar ta a baya ta daina zuwa.

Na biyu, mun koyi tambayar wa yake yanke shawara. Ma'aikatan lafiya suna maganar jinkiri uku da suke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa saboda hanya da abin hawa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon a cikin gidajenmu yake faruwa. Mace tana naƙuda tun daren jiya, maigida ya tafi kasuwar wani gari, kuɗi yana aljihunsa, ba kuwa wanda zai ce a tafi sai shi. In naƙuda ta yi tsawo, kan jariri yakan danne naman uwa a jikin ƙashi har jini ya daina zagayawa a wurin, naman ya mutu, kafa ta buɗe. Shi ne yoyon fitsari. Ba maita ba ce, ba kuwa hukuncin zunubi ba ne, ana kuma gyara shi da tiyata a wurare kamar asibitin Jankwano na Jos, da Babbar Ruga a Katsina, da Danja kusa da Maradi. Ungozomar da ta gane wannan ba mace kaɗai take koya wa ba. Takan nemi miji da uwar miji tun ciki yana ƙarami, a ajiye kuɗin mota, a kuma amince cewa in lokaci ya yi ba sai an jira kowa ba.

Na uku, mun koyi sauraro da riƙe sirri. In yarinya ta zo ta ce an yi mata fyaɗe, ba a fara da tambayar me ta sa ko me ya kai ta wurin. A keɓe ake jin ta, a kai ta asibiti nan da nan, gama maganin da yake hana kamuwa da ƙanjamau dole ne a fara shan sa cikin awa 72, a ci gaba har kwana 28. Iyaye, ku riƙe wannan lamba. Kwana ukun da akan ɓata ana zaman sulhu tsakanin iyalai, su ne kwana ukun da za su iya ceton ranta.

Kada kuma ku ɗauka duk wanda ya shiga wannan layi ya sami farar mota. Aikin ƙungiyoyin agaji na kwangila ne, wata shida ko shekara ɗaya. A 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje ta kuma rushe hukumar USAID, ayyuka da yawa sun tsaya cak, waɗansunmu suka koma gida hannu rabbana. Wannan ya koya mana cewa aikin kare mata da yara, in a kan kuɗin baƙo kaɗai ya tsaya, ranar da baƙo ya tafi shi ma ya tafi. Ikkilisiya kuwa tana nan kowace Lahadi.

YADDA IDANUNMU SUKA CANJA

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, karatun ya mai da mu ga Littafi Mai Tsarki, muka tarar da wuraren da muka girma ba mu taɓa jin an yi wa'azi a kansu ba. Ku duba 2 Sama'ila sura 13. Amnon ɗan sarki Dawuda ya yi wa 'yar'uwarsa Tamar fyaɗe a cikin gidansa, ya kuma kore ta. Ɗan'uwanta Absalom ya sa ta yi shiru. Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, amma bai hukunta kowa ba. Tamar ta zauna a kaɗaice a gidan ɗan'uwanta. Shirun bai kawo salama ba, gama bayan shekara biyu Absalom ya sa aka kashe Amnon, daga baya kuma gidan Dawuda ya rabu da yaƙi. Masu bi a Afirka ta Kudu sun mai da wannan sura abin nazari a ƙungiya, har ya bazu zuwa waɗansu ƙasashen Afirka, domin inda duk aka karanta ta a fili, akan sami wadda za ta ce labarinta ne.

Ku duba Littafin Ƙidaya sura 27. Zelofehad ya mutu bai bar ɗa namiji ba, 'ya'yansa mata biyar suka tsaya gaban Musa da dukan taron jama'a suka nemi gādon mahaifinsu. Musa ya kai maganar gaban Ubangiji, Ubangiji kuwa ya ba su gaskiya. Kotun Ƙolin Nijeriya sai a 2014 ta yanke hukunci, a shari'ar Ukeje, cewa al'adar Ibo ta hana 'ya mace gādon mahaifinta ta saɓa wa tsarin mulki. Mu da muke riƙe da Littafin nan tun zamanin kakanninmu, me ya sa har yanzu muke ganin gwauruwa ta dawo daga makabarta ta tarar 'yan'uwan miji sun kulle rumbu?

Ku duba kuma Yahaya sura 8. An kawo wa Yesu mace an ce an kama ta tana zina. Zina aikin mutum biyu ce, amma mutum ɗaya aka kawo. Iyayenmu, mun ga wannan da idanunmu. Yarinya ta yi ciki, an kira sunanta a gaban jama'a, an sa ta a horo, an mai da ita bencin baya, an hana ta Jibin Ubangiji. Yaron da ya yi mata cikin kuwa yana nan yana kaɗa ganga cikin mawaƙa, domin ciki ba ya nunawa a jikinsa, ko domin mahaifinsa ne ya ba da kwanon rufin majami'a. Ba mu ce a daina horo ba. Muna cewa mudun ya zama ɗaya. In kuwa yarinyar ƙarama ce, wanda ya yi mata babba ne, to ba horo ya kamace ta ba, laifi ne aka yi mata.

Maza ma karatun ya sa mun dube su da sabon ido. Akwai yara maza da ake lalatawa, su kuwa sun fi 'yan mata yin shiru. Akwai saurayin da sadaki da kayan aure suka fi ƙarfinsa, ya kai shekara talatin da biyar ba aure ba aiki, ya faɗa burkutu ko ƙwaya. Akwai magidancin da rikici ya raba da gonarsa, yana zaune a sansani matarsa ce take karɓo abinci, kunya tana cinsa, ya sauke ta a kan iyalinsa da duka. An koya masa namiji ba ya kuka, ba a koya masa inda zai kai nauyin zuciyarsa ba.

SHIRUN 'YAN TSIRARU

Yanzu bari mu zo kan abin da ya shafe mu musamman. A garuruwa da yawa mu kaɗan ne. Mun san wahalar samun filin gina majami'a, mun san yadda ake sa mana ido. Saboda haka in abin kunya ya faru a cikinmu, maganar farko da takan fito ita ce, "A rufa asiri, kada na waje su ji su yi mana dariya." Mun fahimci wannan tsoro, mu ma a cikinsa muka girma. Amma ku lura da wanda yake biyan kuɗin rufin asirin. Ba dattijo ba ne, ba mai laifin ba ne. Yarinyar ce, ko gwauruwar, ko matar da take zuwa sujada da kumburarren ido tana cewa ƙofa ce ta buge ta. Yarinyar da ba ta sami mai jin ta a gidan Ubangiji ba, za ta nemi mai jin ta a wani wuri. Sa'an nan mu zauna muna kukan 'ya'yanmu suna barinmu.

Ikkilisiyar farko ma 'yan tsiraru ce, ana kuma tsananta mata. Duk da haka a Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum, manzanni ba su ce a yi shiru saboda maƙiya ba. Sun tara masu bi, aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin. Abin da ya biyo baya shi ne Maganar Allah ta ƙara yaɗuwa.

Bayan sace 'yan mata 276 a Chibok a 2014, da ɗimbin waɗansu da ba a san sunayensu ba, waɗansunmu sun yi aiki da matan da suka kuɓuta. Akwai waɗanda suka dawo da goyo. Mun yi azumi da addu'a domin su dawo, amma da suka dawo, ba kowace ce ta sami hannu biyu ba, ana nuna 'ya'yansu da baki. A wannan aiki kafaɗa da kafaɗa muke da abokan aikinmu Musulmi, gama su ma 'ya'yansu aka kwashe, kukan kuma iri ɗaya ne. Ba mu ga sun raina mu don mun faɗi ciwonmu ba.

INDA MUKA YI KUSKURE, DA INDA MUKA TSAYA

Mu ma muna da namu laifi. Waɗansunmu sun dawo da girman kai da manyan kalmomin Turanci, suna yi wa iyayensu mata lacca kamar ba su san komai ba. Mun manta cewa tun kafin a haife mu Zumuntar Mata take ziyarar marasa lafiya, take haɗa hatsi domin gwauraye, take zama da amarya tana yi mata gargaɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Iyayenmu mata, ku gafarta mana.

Gaskiya ne kuma cewa ba duk abin da ke cikin littattafan karatunmu muka karɓa ba. An koya mana ra'ayoyi daga Turai da Amurka a kan aure, da zubar da ciki, da auren jinsi ɗaya. Mun karanta, mun rubuta jarrabawa, mun yi muhawara. Mu da muke gabanku muna nan kan koyarwar ikkilisiyoyinmu cewa aure alkawari ne tsakanin mace da namiji a gaban Allah. Dokar ƙasa ma tun 2014 ta hana auren jinsi ɗaya. Amma aiki ya koya mana cewa duk wanda ya shigo ɗakin jinya ko ofishinmu mutum ne da aka yi cikin siffar Allah. Ba za mu hana shi magani ba, ba za mu tona asirinsa ba, ba kuwa za mu tsaya muna kallo taron jama'a suna dukansa ba.

Akwai abokan karatunmu da suka bar ikkilisiya, ba za mu ɓoye muku ba. Waɗanda muka sani, ba littafi ne ya fara fitar da su ba. Sun kawo maganar wata da aka zalunta, aka ce su yi shiru, suka sake kawowa, aka ce boko ya lalata su. Akwai kuma 'yan'uwanmu mata da har yau samari suke gudu, wai mai irin wannan karatu ba ta zaman aure. Wannan ma nauyi ne da suke ɗauke da shi a ɓoye.

ROƘONMU

1. Kowace ikkilisiya ta keɓe mutum biyu amintattu, mace da namiji, waɗanda yaro ko mace za su iya kai wa kuka a asirce. A sanar da sunayensu daga bagade.

2. In maganar fyaɗe ce ko lalata yaro, asibiti da farko, sa'an nan hukuma. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda jihohi da yawa suka amince da ita, ta mai da dukan mata ko miji, da korar abokin aure daga gida, da wulaƙanta gwauruwa laifuffuka. Gafara aikin ikkilisiya ce, amma ba ta share hukunci.

3. Horon ikkilisiya ya zama da mudu ɗaya ga mace da namiji, ga mai kuɗi da talaka.

4. A koyar da matasa gaskiyar jikinsu cikin tsarki, maza dabam mata dabam, tare da iyaye. In ba mu koya musu ba, wayar hannu tana koya musu kowane dare.

5. Fastoci su ƙarfafa magidanta su rubuta wasiyya, dattawa kuma su tsaya tare da gwauruwa ranar rabon gādo, ba ranar jana'iza kaɗai ba.

6. Ku ba mu aiki. Ba kujerar kowa muke nema ba. Ku kira mu ajin masu shirin aure, da makarantar Lahadi, da taron Zumunta, ku zauna ku ji abin da muke koyarwa, inda muka kauce ku gyara mana.

KAMMALAWA

Iyayenmu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku kuna da hikimar shekaru da amincewar jama'a, mu kuma mun dawo da ɗan abin da muka koyo. Hatsin da kuka sayar domin karatunmu bai tafi a banza ba, in dai za ku bar mu mu yi amfani da shi a gida. Wataƙila a cikin benci na ikkilisiyarku akwai wata Tamar da take jira ta ga ko akwai wanda zai tambaye ta lafiya. Muna roƙo Lahadi mai zuwa a sami wanda zai tambaye ta.

Ubangiji ya ba mu zuciyar ji da ƙarfin halin aikatawa. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.